Masaƙan Indiya da masu tsara tufafin zamani: wa ke cin ribar gadon?

A birnin Baranasi da ke gaɓar kogin Ganga, masaƙi kan shafe makonni a kan sari guda na alharini mai zaren zinariya. Wannan sana'a, wadda Musulmi ne suka fi yawa a cikinta, ta daɗe tana fama da injinan da ke kwaikwayon zanenta cikin 'yan sa'o'i, su sayar da arha. Amma a 'yan shekarun nan kasuwar ƙawa ta duniya ta sake waiwayar aikin hannun Indiya.

Tushen lamarin siyasa ne. A ranar 7 ga Agusta, 1905, aka ƙaddamar da gwagwarmayar Swadeshi ta ƙaurace wa kayan Ingila, daga baya kuma Mahatma Gandhi ya mai da khadi, wato yadin da aka kaɗa zarensa aka saƙa da hannu, alamar neman 'yanci. Bayan samun mulkin kai, gwamnati ta ɗora a kai: dokar 1985 ta keɓe wasu nau'o'in tufafi ga masaƙar hannu kaɗai, a 1986 aka kafa cibiyar koyar da fasahar tufafi ta NIFT a ƙarƙashin Ma'aikatar Masaƙu, sannan a 2009 saƙar Baranasi ta sami rajistar da ta haramta wa kayan wani wuri amfani da sunanta.

Masu tsara tufafi sun gina a kan wannan harsashi. Ritu Kumar ta fara tun shekarun 1960 da farfaɗo da buga zane da hatimin katako a kusa da Kolkata. Rahul Mishra ya lashe kyautar Woolmark a 2014, kuma a 2020 ya zama ɗan Indiya na farko da aka gayyata makon manyan ɗinkuna na Faris, inda ya nuna riguna masu yankan zamani da surfanin hannu. A Maris na 2023 kamfanin Dior ya yi bajekolinsa a Mumbai, tare da masu surfani na gidan Chanakya.

Sai dai inda baki ya karkata nan yawu kan zuba. Lokacin da Sabyasachi Mukherjee ya fitar da tufafi tare da H&M a 2021, ƙungiyoyin masu sana'ar hannu sun rubuta buɗaɗɗiyar wasiƙa suna kokawa cewa an ari zanen gargajiya, an buga shi da inji, ba tare da masu shi sun amfana ba. Tambayar da suka tayar tana nan har yau, domin ƙidayar gwamnati ta 2019 zuwa 2020 ta nuna mutum kusan miliyan 3.5 ne ke aiki a wannan fanni, mafi yawansu mata.

Darasin da ke ciki ga masu tsara manufofi a bayyane yake. Rajistar suna ba ta hana jabu sai an bi ta da sa ido a kasuwa, kuma yabon da ake samu a Faris ba ya biyan kuɗin zare. Muddin ladan masaƙi bai kai ya riƙe iyalinsa ba, ɗansa zai bar masaƙar ya nufi birni, kuma zanen da ba a koya wa kowa ba yakan bi mai shi kabari.