Mujiyar da ake biyan kuɗin jirgi don a ɗauke ta hoto

A nan wajenmu, in mujiya ta yi kuka a kan rufin shago da dare, mai shagon ba zai yi barci mai daɗi ba, wasu ma jifa suke kai mata. To, a ƙasar Kanada abin ya sha bamban. Can akwai wata farar mujiya mai rawayen idanu, wadda lardin Kebek ya ɗauka a matsayin tsuntsunsa tun 1987, kuma duk lokacin sanyi mutane na biyan kuɗin jirgi da na masauki da na ɗan jagora don kawai su ɗauke ta hoto.

Can ƙuryar arewacin duniya take ƙyanƙyasa, inda ko itace babu. In sanyi ya kama sai ta gangaro kudu, ta sauka a gonaki da filayen jirgin sama. Ita da rana tsaka ake ganinta a kan turken waya ko tsibin dusar ƙanƙara. Zuwan nata kamar kasuwa ne, wata shekara cikowa, wata shekara fayau. In ɓerayen can da ake kira lemin suka yi yawa, sai ta yi ƴaƴa da yawa. Haka aka gani a sanyin 2013 zuwa 2014, da suka malalo har jihar Fulorida ta Amurka.

Aikin akwai wuya. Sanyi na shanye batirin kyamara nan da nan, shi ya sa masu sana'ar ke ɓoye wani a aljihun ciki. Mutum sai ya yi awa uku a tsaye, tsuntsuwar ko motsi.

Nan ne algus ya shigo. Masu gaggawa kan sayo ɓeraye masu rai a kanti su saki a kan ƙanƙara, mujiya ta kawo sura, kyamarori su hau aiki. Hoto kam ya yi kyau. Amma mujiyar da ta saba samun abinci a hannun mutane takan riƙa tunkarar motoci a bakin hanya, wasu a nan ake banke su. Mu dai a ganinmu ha'inci ne biyu: an cuci tsuntsuwa, an kuma sayar wa mai kallo farautar da aka shirya. Ga shi tun 2017 ƙungiyar IUCN mai kula da halittun duniya ta sa ta cikin waɗanda ke fuskantar barazana.

Masu yin abin tsakani da Allah suna tsayawa nesa ne da kyamara mai dogon hanci, galibi daga cikin mota. In mujiya ta tsura maka ido ko ta tashi, ka matsa da yawa ke nan. Ƙungiyar Audubon ta Amurka ma ba ta karɓar hoton da aka yi wa mujiya tayin ɓera a gasarta.