Sirrin Kumatun Amarya

Ga wani kacici-kacici, mai karatu. Mene ne abin da ke cika fuska ya bar ƙwauri a bushe? Yana tara tumbi, yana zaftare cinya. Ranar da ya shiga jiki guɗa ake yi, ranar da ya fita kuwa salati. Ba a noma shi a fadamun Yauri, ba a kamo shi a tafkin Kainji, amma da wuya ka ratsa babbar kasuwa a ƙasar Hausa ba ka gifta ta gabansa ba. Kada ka yi saurin ba ni gari. Zo mu bi sawu tare.

'Yar wani aminina ce a Yelwa, ta ɗan haura shekara 20. Tun tasowarta siririya ce, doguwa, lafiyarta ƙalau, ita ke daka, ita ke ɗiban ruwa, ba a taɓa jin ta da wani ciwo ba in ban da zazzaɓin damina. Aka sa mata rana da wani saurayi a ƙasar Shanga, aka yanke wata biyu. Ranar da aka kawo lefe tela ya gwada ta, ya ɗinka. Ranar sa lalle aka ɗauko rigunan nan. Ko ɗaya ba ta shige ta ba.

Gida ya ɗauki murna. Kumatu sun fito, fuska ta yi zagaye tana sheƙi, wuya ya cika. Ƙawaye na zolayarta, tsofaffi na cewa, "Kai, Masha Allah, 'yar nan aure ya karɓe ta tun ba ta shiga ba!" Ni ma na taya su murna. Amma da na sake duban ta tana miƙa wa mahaifinta ruwa, sai idona ya sauka a kan damtsenta. Hannun bai san an yi ƙiba ba.

Wanda na fara tuhuma shi ne tukunyar gidan. Kuma biri ya yi kama da mutum, don duk wanda ya san Yauri ya san ƙasar ci ce. Tun da aka kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye tsibirai da garuruwa, aka tayar da mutane sama da dubu 40 aka sake musu mazauni, tafkin ya zama rumbun wannan yanki. Ga giwan ruwa, ga ragon ruwa, ga tarwaɗa da karfasa, ga shinkafar fadama, ga albasar Gungawa da ake lodinta zuwa Kudu. Yarinyar da aka ɗauke wa daka, aka zaunar da ita a ɗaki ana tura mata tuwon shinkafa da farfesun kifi, ai dole ta murmure. Na tambayi mahaifiyarta, ta ce, "Malam, ci kam tana ci. Har tsakar dare za ka ji ta tana buɗe kwano." To amma ƙibar abinci ba ta da wariya. In ta zo, hannu da cinya da ƙugu kowa zai samu rabonsa. Wannan kuwa ta zaɓi fuska da ciki da ƙeya, ta tsallake sauran. Sannan ita yunwar tsakar daren, daga ina ta fito?

Sai zargi ya koma kan kunu. Akwai gwaggonta a Wara, can cikin Ngaski, wadda ta shahara a dangi wajen gyaran amare, kuma ita ke aiko da garin kunun da ake dama wa yarinyar safe da yamma. Na ce shi ke nan, na kama ɓarawo. Da wata hidima ta kai ni Wara, na biya na gaishe ta, na ɗan zagayo da maganar. Tsohuwa ta yi dariya, ta sa aka ɗauko kayan haɗin ta baje mini a faifai: gero, gyaɗa, aya, waken suya, dabino, busasshiyar kwakwa. "Ɗan nan, duba da kyau. In ka ga wanda kakarka ba ta sha ba, nuna mini." Babu. Kunu ne mai gina jiki, ko mai jego aka ba wa sai godiya. Har na miƙe zan tafi, sai ta ƙara wata magana da ta tsayar da ni a bakin ƙofa. Ta ce ita ma abin ya ba ta mamaki, don ranar da ta kai garin farko, ta tarar kumatun sun riga sun fito.

Ke nan akwai wanda ya riga kunu isa.

Zargi na uku ba ni na kawo shi ba, kuma har yau in na tuna raina na ɓaci. Raɗa ce ta fara yawo a unguwa. Tumbi ya fito, al'adarta ta rikice, me ya rage? Masu wannan magana ba su tsaya sun tuna cewa mutuncin 'yar mutane suke tattakawa ba. Mahaifiyarta ta kwana tana kuka, da safe ta kama hannunta suka je aka yi gwaji. Babu ciki. Bakin masu raɗa ya mutu, aka ɗaura aure, aka kai amarya Shanga cikin guɗa. Kowa ya ɗauka labari ya ƙare. Ashe yanzu ya fara.

Ba ta cika mako biyu a ɗakinta ba aka bugo waya. Amarya ba lafiya. Da farko kasala ce. Sai ciwon gaɓoɓi. Abincin da take rububi ya fita ranta. Sai amai. In ta miƙe, jiri ya kwashe ta. Wata safiya ta nufi bayi, ta yanke jiki a tsakar gida.

Nan fa gidaje biyu suka ja daga. Dangin amarya suka ce an ba ta wani abu a gidan miji. Dangin ango suka ce da ciwonta aka kawo ta, an ɓoye musu. Wata tsohuwa ta ce iskokin ruwa ne, tun da a bakin kogi aka haife ta. Wani ya ce sammu ne na tsohon manemi. Aka yi hayaƙi, aka kawo rubutu. Kowa tambaya ɗaya yake yi: me ta ci? Me ta sha? Wa ya ba ta? Aka bi kwanukan gidan ɗaya bayan ɗaya. Ba a sami komai ba.

Allah ya sa angon mai hankali ne, ya ɗauki matarsa ya nufi asibiti. Aka auna jininta, ya yi ƙasa ƙwarai. Likita ya dubi fuskar. Ya dubi damtsen. Ya taɓa tudun kitsen da ke ƙeyarta. Ya sa ma'aikaciyar jinya ta duba cikinta, ta ga zane-zanen nankarwa masu faɗi, jajaye-jajaye. Ya ga wani ɗan rauni a ƙafarta da ya ƙi warkewa tun kafin biki. Sai ya ja kujera ya zauna kusa da ita, ya sassauta murya. Bai tambaye ta abin da ta sha ba.

"Amarya, ki gaya mini gaskiya. Me kika daina sha?"

Ɗakin ya yi tsit. Ta dubi mahaifiyarta. Mahaifiyar ta sunkuyar da kai.

Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. 'Yan ƙwayoyi ne ƙanana, a ƙulle cikin leda, babu kwali, babu suna. Wata ƙawar uwar ce ta sayo su tun ranar da aka sa rana, ta ce a riƙa ba ta kullum da dare. Sha-ka-fashe. Haka ake kiransu a kasuwa. Da aka kai amarya, 'yan ragowar da ta tafi da su suka ƙare. Amarya ba ta fita, kuma wannan ba abin da za ta aiki ƙanin miji ya sayo ba ne. Ta haƙura. Haƙurin ne ya kusa kai ta lahira.

Yanzu bari mu zauna mu warware, don a nan ainihin abin mamakin yake. Abin da aka fi samu a cikin irin wannan ƙulli shi ne deksametason, sau da yawa a haɗe da wani maganin ƙaiƙayi da mura mai suna sifrohebtadin, wanda ke buɗe ciki ya sa barci. Shi deksametason magani ne na gaske mai daraja, an fara amfani da shi tun ƙarshen shekarun 1950. Likitoci na ba da shi ga mai asma da ta tsananta da mai kumburin ƙwaƙwalwa, kuma a watan Yunin 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford a Ingila suka sanar da cewa ya rage mutuwa da kashi ɗaya bisa uku a cikin masu cutar korona da aka sa wa na'urar numfashi. Laifin ba na maganin ba ne. An ɗauke shi ne daga hannun likita aka kai shi ɗakin amarya.

A saman kowace ƙoda akwai wani ɗan ƙullin nama da bai wuce giram 5 ba. Aikinsa fitar da wani sinadari, kotisol, wanda ke riƙe bugun jini da sukarin jiki, ya tsaya wa mutum in zazzaɓi ko rauni ya zo. Deksametason kwaikwayon wannan sinadari ne, sai dai ya ninka shi ƙarfi kamar sau 25. In ya yi yawa a jini, sai ya tayar da yunwa, ya kwashi kitse ya jibge a fuska da ƙeya da ciki, ya kuma riƙa narkar da tsokar hannu da ta cinya. Ka ga amsar rabin kacici-kacicinmu. Yana sirantar da fata har ta tsage, yana hana rauni warkewa, yana rikita al'ada. In aka daɗe a kansa, yana jawo ciwon sukari da hawan jini, ya rarake ƙashi, ya sa yanar ido, ya karya garkuwar jiki. Wani likitan Amurka, Harvey Cushing, ya bayyana wannan kama tun 1932 a jikin marasa lafiya. Wato abin da aka yi wa guɗa a Yelwa, a littattafan likitoci sunan cuta gare shi.

Sauran rabin fa, wato faɗuwar da ta yi? Ka ɗauka masunci ne aka riƙa kai wa kifi har gida kullum. Zai rataye komarsa, jirginsa ya bushe a gaɓa. Ranar da aka daina kawowa, ba zai iya komawa ruwa a yinin ba. Haka waɗannan 'yan ƙulli na saman ƙoda suke. In suka ga sinadarin na shigowa daga waje har tsawon mako uku ko fiye, sai su dakatar da nasu aikin. Aka yanke ƙwayar rana ɗaya, jiki ya nemi kotisol ya rasa. Jini ya faɗi, sukari ya faɗi, amai ya ƙarasa ruwan jiki. Mutane na mutuwa a haka. Ita an yi mata allura da ƙarin ruwa, sannan likita ya mayar da ita kan maganin, abin da ya ɗaure wa dangi kai, ya riƙa rage mata shi kaɗan-kaɗan cikin watanni har jikinta ya karɓi aikinsa.

Saura tambaya ɗaya, kuma ita ta fi damuna. Wa ya ciyar da amarya? Son ƙiba ba a kanmu aka fara ba. A Muritaniya akwai al'adar ɗura wa 'yan mata madarar raƙumi da gero kafin aure, kuma can ma yanzu ƙwayoyi sun shiga cikin harkar. Efik na Kalaba suna da ɗakin da ake killace budurwa a yi ta ciyar da ita. A Turai da Amurka har akwai wasu manya da suka mayar da ƙara ƙiba abin sha'awa tsakanin masoya, ɗaya na ciyarwa, ɗaya na ci yana hawa ma'auni. A intanet kuma 'yan mata sun yi ta tallar wani ruwan magani, Apetamin, mai ɗauke da sifrohebtadin, har hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kansa a 2023.

A namu gidajen, mai ciyarwar ba mutum ɗaya ba ne. Na tambayi mahaifiyar yarinyar, bayan hankali ya kwanta, me ya kai ta. Ta share hawaye ta ce, "Malam, tsoro na ji. Kada dangin miji su ce mun kawo musu ƙashi. Kada a ce wani ciwo take ɓoyewa." Ban iya ganin baƙinta ita kaɗai ba. Uwar miji da ke auna suruka da ido, da ƙawar da ke cewa atamfa ba ta yi wa siririya kyau, da saurayin da ke yaba masu jiki a gaban budurwarsa, da mai tallar da ke ƙulla maganin likita a leda, kowa ya sa hannu a wannan ƙulli. Yarinyar da aka sa wa rana lafiyayya ce. Mu muka ga aibin da babu shi.

Don haka, 'yar'uwa, in kina shan irin waɗannan ƙwayoyi yanzu, don Allah kada karanta wannan ya sa ki watsar da su yau. Ɗauki ledar yadda take ki kai wa likita, ki gaya masa tun yaushe kika fara da guda nawa kike sha, shi zai tsara miki yadda za ki rabu da su lafiya. Ku kuma iyaye, in an sa wa 'yarku rana, ku dama mata kunu, ku dafa mata kifi, ku kai ta ɗakinta da jikin da Allah ya ba ta.