Daga Igwar Giginya Zuwa Baburan Gundumi: Yadda Manyan Makamai Ke Rasa Kwarjini a Gabashin Sakkwato

Da safiyar 15 ga Maris 1903, rundunar Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ta ja daga a filin Giginya, wajen ganuwar Sakkwato. Sarki na tsakiya inda tuta take, Marafa Maiturare na riƙe da gefe guda, Sarkin Rabah Ibrahim na riƙe da ɗayan. Dakarun Turawa ba su kai dubu ba, akasarinsu ma baƙar fata ne da aka ɗauka soja. Abin da ya bambanta su shi ne mashinga Maxim huɗu, kowace tana aman harsashi kusan 600 a minti guda, da igwa huɗu masu faɗin baki milimita 75. Kafin azahar taro ya watse. Waziri Buhari ya ja mutanensa zuwa Marnona, cikin ƙasar Wurno, inda ya yi shawara da malamai kafin ya koma birni. Sarki kuwa ya yi gabas har Burmi, inda ya yi shahada ranar 27 ga Yuli.

Darasin da masu mulki suka ɗauka daga ranar nan shi ne duk wanda ƙarfensa ya fi girma, ƙasa tasa ce. Gwamnatocin da suka gaji Turawa sun riƙe wannan karatu hannu bibbiyu, amma sun bar rabinsa a baya. Maxim ta yi ɓarna a Giginya ne domin mahaya da dakaru sun taru wuri guda, a fili, da rana tsaka. Igwar nan kuma ba wata ƙatuwar aba ba ce: warware ta ake yi gunduwa-gunduwa, 'yan dako su ɗora a ka, su bi da ita turbar da ko amalanke ba ya bi. Shekara 3 kacal bayan haka, a Fabrairun 1906, mutanen ƙauyen Satiru, kusa da Sakkwato, da gatura da fartanya suka auka wa ayarin sojan doki kafin ya kimtsa, suka kashe Turawa 3, suka ƙwace Maxim ɗin kanta. An rama a watan Maris da kisan kiyashi, aka shafe garin daga doron ƙasa. Duk da haka Satiru ta nuna cewa makami mai tsada, in aka rutsa shi bai shirya ba, kaya ne kawai.

Sauran ƙarnin ya tafi a kan ƙara girman ƙarfe. A Nuwamban 1925 jiragen yaƙin Ingila uku samfurin DH.9A suka taso daga Masar suka sauka a filin sukuwa na Kano. A 1964 aka kafa rundunar sojan sama, Jamus ta Yamma ta ba da horo, a shekarar kuma aka kafa masana'antar makamai ta DICON a Kaduna. Mutanen Rabah sun san ɗacin irin waɗannan kaya tun da wuri: daren 15 ga Janairu 1966, da makamin fasa tanka aka buɗe wa gidan Sardauna Ahmadu Bello wuta a Kaduna, shi ɗan Sarkin Rabah ɗin nan da ya tsaya a Giginya. Yaƙin basasa ya kawo MiG-17 daga Tarayyar Sobiyet, waɗanda aka sauke a Kano cikin 1967, da motocin sulke na Ingila irin su Ferret da Saladin da Saracen. Da kuɗin mai suka kwararo sai aka shiga sayayya gadan-gadan: MiG-21 a tsakiyar shekarun 1970, sannan Alpha Jet 24, Jaguar 18, da tankokin Vickers cikin shekarun 1980.

An sayo waɗannan kaya ne da tunanin yaƙin ƙasa da ƙasa, inda abokin gaba ke da bariki da filin jirgi da gadar da za a karya. Sannan aka kasa kula da su. Kayan gyara daga waje suke zuwa, takunkumin da ƙasashen Yamma suka ƙaƙaba wa gwamnatin Abacha ya toshe hanyarsu, shugabannin soja kuma ba su cika sakin jiki da rundunar da za ta iya yi musu juyin mulki ba. Jaguar ba su daɗe ba aka jingine su. Alpha Jet ce ta yi ƙarko, ta yi aiki a Laberiya da Saliyo, har aka ƙaro tsofaffi huɗu a 2015. Wato jirgin da ya fara tashi a 1973, wanda Jamus ta daɗe da yi wa ritaya daga fagen yaƙi, shi ne ya ci gaba da ɗaukar nauyin Arewa har zuwan Super Tucano 12 daga Amurka a 2021.

Abokin gaban da ya bayyana a gabashin Sakkwato kuwa ba shi da bariki. A Yulin 2018 'yan bindiga suka faɗa wa Tabanni, a yankin Gandi na ƙaramar hukumar Rabah, suka kashe mutum fiye da 30, dubbai suka yi hijira zuwa garin Gandi. Ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021 suka kewaye kasuwar Goronyo tana tsakar ci, aka yi jana'izar mutum 43. A duka biyun bisa babura suka zo.

Ya kamata a dubi babur ɗin nan da kyau, domin shi ne motar yaƙin wannan zamani. Mutum biyu ko uku ke hawa, na gaba yana tuƙi, na baya rungume da AK-47, galan ɗin fetur ɗaure a gefe. Yana ratsa gona, ya bi bakin fadama, ya sauka kwazazzabo ya hau. In ya lalace, kowane bakanike a kasuwar ƙauye zai tayar da shi. In jirgi ya yi ƙara a sama, babura 50 za su watse su zama ɗaiɗai ƙarƙashin itatuwa kafin matuƙi ya zagayo. Abin mamaki, makaman da ke kansa su ma na ƙarni na 20 ne: AK ta 1947 ce, manyan bindigogin harbo jirgi irin DShK kuwa tun kafin Yaƙin Duniya na Biyu Sobiyet ta ƙera su. Rushewar Libiya a 2011 ta buɗe rumbunan makamai, hanyoyin fasa-ƙwauri na Sahel suka yi sauran aikin, ga kuma iyakar Nijar nan kusa, ta Sabon Birni da Gada.

Ƙasar kanta ba ta goyon bayan nauyi. Kwarin Gulbin Rima, da ya sa Wurno ta yi suna a shinkafa da tafarnuwa, ya kuma sa aka gina madatsar ruwan Goronyo, laka ce zalla da damina. Mota mai sulken kariya daga nakiya tana haura tan 10, wasu nesa ba kusa ba. A ƙarshen Agustan 2024 biyu daga cikinsu suka kafe a taɓo a Kwashabawa, ƙaramar hukumar Zurmi ta Zamfara, soja suka kasa fitar da su suka janye, yaran jagoran 'yan bindiga Bello Turji suka banka musu wuta suna ɗaukar bidiyo. Sama ma ba ta tsira ba: ranar 18 ga Yuli 2021 'yan bindiga suka harbo Alpha Jet a kan iyakar Zamfara da Kaduna, matuƙin ya dira da lema ya sha da ƙyar. Maƙwabta sun riga sun ga irin wannan. A 1987 sojojin Chadi, cikin a-kori-kurar Toyota, suka tarwatsa tankokin Libiya a Fada da Wadi Doum.

Ba a ce jirgi da sulke ba su da rana ba. Motar sulke a bakin gari tana sa mutane su iya runtsawa, rakiyarta ce ke kai fasinja Isa ko Sabon Birni a wasu lokuta, luguden wuta ta sama kuma ya tashi sansanoni da dama. Matsalar ita ce abin da ke biyo baya. Bom yana tarwatsa daba, bai zama ya tsare wurin. Farmakin da aka ƙaddamar a Zamfara a Satumban 2021, tare da yanke layukan waya, ya kora 'yan bindiga yamma zuwa dajin Gundumi na gabashin Sakkwato da kewayensa, kamar mai share ɗaki ya tura shara ƙofar maƙwabci. Gwamnan Sakkwato Tambuwal da kansa ya koka da haka a lokacin, makonni kaɗan kuma sai ga harin kasuwar Goronyo.

Akwai kuma kuskure, wanda shi ne ya fi cin rai. Daga sama, taron Maulidi da taron ɓarayi kamanninsu ɗaya in babu wanda zai tantance daga ƙasa. Jirgi maras matuƙi ya kashe mutum aƙalla 85 a Tudun Biri ta Kaduna a Disamban 2023. Ranar 25 ga Disamba 2024 mutum aƙalla 10 suka mutu a ƙauyuka biyu na Silame, nan cikin Sakkwato, yayin farmaki kan 'yan ta'addan Lakurawa. Soja suka ce fashewar makaman 'yan ta'addan ce ta jawo. Ko yaya ne, ƙauyen da ya binne 'ya'yansa ta wannan hanya ba zai yi saurin kai wa soja rahoto ba, alhali rahoton ne ke sa bom ya faɗa inda ya dace. Hasali ma Halilu Sububu, ɗaya daga cikin manyan dillalan makamai na yankin, ba daga sama aka same shi ba, kwanton ɓauna aka yi masa a ƙasa a Satumban 2024.

Da gwamnati ta gane babur ne ƙashin bayan ɓarayi, sai ta fara yaƙi da babur ɗin. A 2021 aka rufe hanyar Marnona zuwa Isa, aka hana sayar da fetur a jarka a yankunan da abin ya shafa, aka katse waya a ƙananan hukumomi 14 cikin 23. Sai dai da babur ɗin manomin Goronyo ke kai albasa kasuwa, da shi ake kai mai naƙuda asibiti, da fetur ɗin jarka injin ban-ruwa ke tashi a fadamar Wurno. Ɓarawo ya sayi mansa ta bayan fage da tsada, ya fanshe daga kuɗin fansa da harajin girbi da yake ɗora wa ƙauyuka. Talaka ne ya biya sau biyu.

Yanzu akalar ta karkata. Hedikwatar Runduna ta 8 ta sojan ƙasa tana Sakkwato, sojojinta na sintiri bisa babura, a 2024 kuma gwamnatin Gwamna Ahmad Aliyu ta ƙaddamar da askarawan jiha ta raba musu babura da motocin Hilux. Wannan ya rage tazarar gudu tsakanin ɓarawo da mai bin sa, amma ya dawo da tsohuwar damuwa: kisan gilla da aka zargi 'yan sa-kai da yi wa Fulani a kasuwanni na cikin abin da ya hura wutar ramuwa, shi ya sa gwamnatin jihar ta haramta ƙungiyar a 2021. Askarawan yau suna ƙarƙashin doka kuma suna karɓar albashi, sai dai da yawansu 'yan garuruwan da aka kai wa hari ne, sun kuma san gidan kowa.