Darasin Kimiyya A Cikin Kwalbar Zuma Da Man Gyaɗa

Duk wanda ya taɓa sayen ƙwan zabi a kasuwar Tudun Wada da damina ya san yadda ake gwada shi: a kawo ruwa a kwano, a tsoma ƙwai ɗaya bayan ɗaya, wanda ya nutse ya kwanta a ɗauka, wanda ya taso a mayar wa mai shi. Dalili kuwa shi ne, idan ƙwai ya daɗe, ruwan cikinsa yakan tsane ta ƙananan ƙofofin ɓawo, iska ta maye gurbinsa, girmansa bai ragu ba amma nauyinsa ya ragu. Matar da ke wannan gwaji tana aiki ne da ƙa'idar da ɗanta ya haddace a aji da sunan "densiti", har ya rubuta ta a jarrabawa, ba tare da ya taɓa danganta ta da kwanon mahaifiyarsa ba.

A matsayina na mai nazarin harshe, ina ganin wani ɓangare na matsalar yana cikin kalmomi. Muna da nauyi, muna da kauri, muna da danƙo, kuma yaro yakan cakuɗa su. Tambaye shi, tsakanin ruwa da man gyaɗa wanne zai koma ƙasa, sau da yawa zai ce mai, domin ya fi kauri. Gardama ba ta raba shi da wannan fahimta; sai ya gani da idonsa.

Abin da ake bukata duk yana cikin madafa. A samu kwalba mai haske, a zuba zuma kamar tsawon gaɓar yatsa, sannan ruwan da aka rina da ɗan zoɓo marar sukari, a karkata kwalbar a tsiyaya shi sannu a hankali ta gefe, sai man gyaɗa daga ƙarshe. Kafin kowace zubawa a sa yaran su faɗi abin da suke zato, har da dalilinsu. Hawa uku za su tsaya, zuma a ƙasa, jan ruwa a tsakiya, mai a sama. Sai a jefa tsakuwa, ta wuce har gindin kwalba. Ƙwayar wake ta ratsa mai da ruwa ta tsaya a kan zuma. Guntun kara kuwa ya zauna a bisa. Lita ɗaya ta ruwa kilo 1 ce, ta man gyaɗa kimanin giram 910, ta zuma kimanin kilo 1.4. Ma'auni ɗaya, nauyi daban-daban.

Nan ne Hausa ta fi Turanci sauƙi ga ɗan Zariya, domin ya san mudun gero ya fi mudun dusa nauyi alhali mudun bai sauya ba. Ni a gida "nauyin awo" nake kiran wannan ma'ana, kuma ban ce dole ita za a ɗauka ba. Wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo. Abin da na lura shi ne, yaron da ya fahimci nauyin awo ba ya shan wahalar kalmar Turancin idan ya gamu da ita.

Ba kuma baƙon ilimi ne a tarihin Musulmi ba. Al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya auna nauyin awon ƙarafa da duwatsu masu daraja ta hanyar lissafa ruwan da suke turowa waje, sannan Al-Khazini ya faɗaɗa aikin a littafinsa Mizanul Hikma wajen 1121.

Abin takaici, manufar ƙasa ta kasa tsayawa wuri ɗaya. Tsarin ilimi na 1977 ya ce a fara koyar da yaro da harshen gida, kuma gwajin shekara shida da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarabanci ba su gaza takwarorinsu ba. A 2022 gwamnati ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, a Nuwamban 2025 kuma ta janye. Ke nan, a halin yanzu, kimiyya da Hausa ta koma hannun iyaye.

Mai karatu kada ya ɗauka wasan yara ne kawai. Sanin cewa ruwa ya fi mai nauyin awo shi ne sanin abin da ya sa ba a watsa ruwa a kaskon suya idan ya kama wuta: ruwan yakan nutse ƙarƙashin mai, ya zama tururi nan take, ya watso man da wutar a jikin mutum. Kashe murhu ake yi, a rufe kaskon da murfi. Haka fetur da kananzir, sukan hau kan ruwa su bi shi da wutarsu, don haka kada a sa su cikin gwajin kwalba ko kaɗan.