Ranar awo a wata likitar unguwa a Yamai

Tun kafin rana ta yi zafi mata suke cika bencinan wata ƙaramar likita da ke hayin kogi, ta wajen Harobanda, a birnin Yamai. Kowace da goyonta da katin awo a hannu, ana ta hira da Hausa da Zabarmanci. Malamar asibiti tana ɗaura wa yaro wani zare mai launi uku a damtse. Kore lafiya lau, rawaya a sa ido, ja kuwa, wato ƙasa da milimita 115, tamowa ce mai tsanani. Da zaren ya faɗa kan ja sai ka ga uwar ta yi shiru. "Baiwar Allah, kwantar da hankalinki, zai tashi," in ji malamar, tana ƙirga mata ƙunshin abincin nan na gyaɗa da madara da mata ke kira biskit.

Plumpy'Nut ne sunansa. Ƙunshi ɗaya giram 92 ne, da kalori 500 a ciki, ba ya son dahuwa ko ruwa. A yunwar 2005 ya yi suna, lokacin da likitocin ƙungiyar MSF suka yi jinyar dubban yara da shi a jihar Maraɗi, kuma a nan Yamai kamfanin STA ke sarrafa shi. Haka ɗigon bitamin A da ake matsa wa yara a baki duk wata shida: tun 1997 Nijar ta haɗa shi da ranakun rigakafin shan inna. Masu ciki kuma ana ba su ƙwayar ƙarin jini. Duk wanda ya ga yaron da ya fara tafiya bayan an fid da rai ba zai raina waɗannan abubuwa ba.

Sai dai abin da ya fi ɗaukar lokacin malaman shi ne zancen tukunya. Ga zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40, kaka ta dage sai an ba jariri ruwa, alhali nono kaɗai ya ishe shi har wata shida. Ga kunun gero tsararo da ke cika ciki bai gina jiki. Shi ya sa ake kunna wuta a farfajiyar likitar, a dama kunu a gaban mata, a zuba garin ƙuli-ƙuli da na wake, a sa cokalin mai, kowace ta ɗanɗana ta ba ɗanta. Babu abin da ba a samu a kasuwar Katako. Zogale kuwa, wanda Zabarmawa ke kwaɗawa su kira kopto, a ci shi haka ko a dambu, lambunan bakin kogi cike suke da shi, kuma yana ɗauke da sinadaran da ake biɗa a ƙwayoyi masu tsada.

A ɗaya gefen farfajiyar dattawa ne ke jiran awon hawan jini da na suga, kuma wannan layin yana ba ni tsoro ƙwarai. Farar shinkafa ta ture tuwo a gidaje da yawa, dunƙulen magi ya danne daddawa, shayin fada tukunya uku kowace da sukarinta, ga babur ya hana ƙafa aiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babba ya kai giram 5 a yini, amma miyar biki guda tana iya cinye wannan kason. Wasu matan ma suna sayen ƙwayar sa ƙiba wurin masu tallar magani a faranti, jiki ya kumbura a ɗauka ƙoshin lafiya ne, sai jini ya hau.

Malamin da ke duba dattawan ba ya hana kowa abinci gaba ɗaya. "Baba, a rage gishiri, a sha fura ba sukari, masallaci kuma a tafi da ƙafa," yake faɗa wa wani tsoho, sannan ya rubuta masa ranar dawowa a bayan kati.