Noman Mishmish a Ƙasashen Hamada

Maƙasudin wannan maƙala shi ne bayyana yadda ake raya itacen mishmish, wanda Turawa ke kira afirikot, a ƙasashe masu zafi kamar Masar da Tunisiya. 'Ya'yansa ƙanana ne, ruwan ɗorawa, masu ƙwallo guda a ciki, kuma da su ake yin kamaruddin, abin shan da Larabawa ke buɗe baki da shi a watan Azumi.

Mai karatu zai zaci zafin rana ne babban abokin gabar wannan itace a hamada. Amma abin da ya fi yi masa illa shi ne ƙarancin sanyi. Mishmish yakan zubar da ganye da hunturu ya kwanta barci, kuma ba zai yi huda sosai ba sai ya sami ɗaruruwan sa'o'i na sanyin da bai haura digiri 7 ba. Wasu irurruka sukan buƙaci sa'o'i 700 ko fiye. Idan aka dasa su inda hunturu ke da taƙaitawa, sai itacen ya yi ganye shar, amma babu 'ya'ya. Don haka matakin farko shi ne zaɓen iri mai ƙanƙanuwar buƙatar sanyi, kamar Kanino, ɗan asalin Sifaniya.

Bayan iri sai ruwa. Saiwar mishmish ba ta jure kwanciyar ruwa, ba ta kuma jure gishiri, wanda ya yawaita a ƙasar hamada. Saboda haka ana dasa shi a ƙasa mai tsane ruwa, a shayar da shi har ruwan ya nutse, sannan a saurara.

Sai kuma kariya daga rana. A dausayin Gafsa na Tunisiya manoma sukan shuka bene uku: dabino a sama, mishmish da rumman a inuwarsa, kayan lambu a ƙasa. Wasu kuma sukan shafe gindin da farar ƙasa don kada ɓawon ya ƙone, ba sa kuma aske rassa da yawa, domin ganye ne laimar 'ya'yan.

A Masar yakan nuna wajen watan Mayu, cikin 'yan makonni ya wuce. Shi ya sa idan Bamisire ya ce abu zai faru "lokacin mishmish", nufinsa sai dai a lahira. Manomin da ya yi sake da waɗannan makonni kuwa, wahalar shekara guda ce ta tafi a banza.