Taki Sai Ya Ruɓe Kafin Ya Ciyar da Shuka

Tun kafin buhun NPK da yuriya su cika kasuwa, manoman karkarar Kano suna da hanyarsu ta ciyar da ƙasa. Jakuna kan shigo birni da itace, su koma da mangala cike da shara, toka da kashin awaki. Da haka ake nome gona ɗaya shekara da shekaru ba tare da an bar ta ta huta ba. Bolar yau kuwa ta cika da leda, fasassun kwalabe da tsofaffin batura, kuma abin takaici ne a ga an kwaso ta an zuba wa alayyahun da yara za su ci.

Mai ɗan lambu a tsakar gida, ko mai shuka tumatir a buhu da tukunya, gara ya haɗa nasa takin. A haƙa rami a inuwa, a shimfiɗa busasshen ganye ko yankakken kara, a ɗora ɓawon kayan miya da ɗanyar ciyawa, sai kashin dabbobi, a barbaɗa toka kaɗan. A yi ta jerawa haka, ana yayyafa ruwa har ya jiƙe amma bai yi caɓi ba. Nama da mai ba sa shiga, domin ɓeraye da ƙudaje suke kirawo.

Bayan 'yan kwanaki, in ka cusa hannu za ka ji zafi. Ƙwayoyin halitta ne ke cin sharar, kuma zafin kan kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe irin ciyawa da yawancin ƙwayoyin cuta. Ƙwayoyin halittar suna buƙatar iska, shi ya sa ake juya tarin duk mako biyu. In ya fara wari, ruwa ya yi yawa. A ƙara busasshen ganye.

Gaggawa ce ke kashe shuka. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone saiwa, ganye ya yi ja ya bushe, mai lambu ya ɗora wa iri laifi. A jira wata biyu zuwa uku, har takin ya yi baƙi, ya huce, yana marmashewa a hannu.

A tukunya, kashi ɗaya na taki a cikin kashi biyu ko uku na ƙasa ya isa, kuma a huda gindinta ruwa ya riƙa fita. Ƙasa mai rairayi ta fi kowacce amfana, domin takin yana riƙe danshin da da zai zurare kafin saiwa ta sha.